Danga Mai Rata: Aikin da Iyali Za Su Yi da Hannunsu

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne ake kwance awaki da tumaki daga turke, a sake su su shiga gari. Duk uwargidan da take da ɗan lambu a bayan ɗaki ta san abin da wannan yake nufi. Zogalen da ta yi wata huɗu tana reno, akuya ɗaya za ta gama da shi kafin a taso daga sujada. Daga nan sai cacar baki, daga cacar baki sai gaba, har maƙwabta biyu da suka shekara goma suna miƙa wa juna tuwo su daina gaisawa. Abin da ya jawo wannan duka kuwa, ɓarakar danga ce wadda faɗinta bai fi kamu ɗaya ba.

Mu da muke zaune a ƙasar Gobir mun gaji sanin amfanin shinge. Sunan garin Sabon Birni kansa yana tuna mana da ganuwa. Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ke nan kusa, an ci shi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maradi, daga baya kuma wani ɗan sarautar Gobir mai suna Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni a bakin gulbi. Ganuwar gari aikin sarki ne da jama'arsa. Amma dangar gida, wannan aikin maigida ne da iyalinsa, ba mai zuwa ya yi masa.

A wannan wata muna so mu duba wata irin danga da ake jera sanduna ko siraran katako a tsaye, a bar 'yar rata tsakanin kowace biyu. Ba ta bukatar gwani. Mutum biyu da yara za su iya gama ta cikin 'yan kwanaki.

Me ya sa ba darni ba?

Darnin kara shi ne dangar kakanninmu, ba mu raina shi ba. Yana da araha, yana kuma rufe gida sarai. Amma da wuya ya yi damina biyu. Gara tana cinsa daga ƙasa, jaki da akuya suna cinsa daga sama. Zanar gamba ta fi shi kyau da daɗewa, sai dai gamba ta yi wuya a wurare da yawa. Katangar ƙasa tana son yaɓe a kai a kai, a inda ƙasa take da rairayi kuwa ba ta riƙewa. Kwanon rufi yana da tsada, da bazara kuma yakan mai da tsakar gida kamar tanda.

Ban da haka, zamani ya sake. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sabon Birni da Isa. Dubban mutane sun ƙetara zuwa jihar Maradi, waɗansu sun taru a cikin garuruwa. Inda gona ba ta nomuwa kara ba ya samuwa, ɗan abin da aka samu kuma dabbobi suna jiransa. Shiga daji don yankan ciyawa ko saran itace ya zama kasada. Danga ba ta tare harsashi, wannan kowa ya sani. Amma dangar da za ta yi shekaru ba a sake ta ba tana rage yawan fitar da maigida da 'ya'yansa za su yi zuwa bayan gari. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Amfanin ratar

Mutane da yawa suna tsammani dangar da ta toshe ƙam ita ce mai ƙarfi. Ba haka ba ne. Ku tuna da hadarin farkon damina, yadda yakan taso daga gabas da guguwa a gabansa. Iska in ta tarar da zana ko kwano, ba ta da hanyar wucewa, sai ta tattara ƙarfinta duka ta tura. Da safe sai a tarar da danga a kwance. In ma ba ta faɗi ba, iskar takan haye ta sama ta faɗo cikin gida tana juyawa, ta zuba ƙura a tukunya.

Danga mai rata kuwa tace iskar take yi, kamar yadda rariya take tace gari. Iskar tana shiga da ƙarfi, ta fita a raunane. Masana aikin gona sun auna, sun ga shingen da iska take ratsawa yana kāre ƙasar da ke bayansa har nisan da ya kai kamar ninki goma na tsayinsa. Wato danga mai ƙafa 6 za ta iya rage iska har kamar ƙafa 60, abin da ya isa tsakar gida da lambu. Da wannan hikima aka yi aiki a kwarin Majiya, wajen Buza a jihar Tawa, arewa da mu. Tun daga 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji na Nijar tare da ƙungiyar CARE suka dasa dogon yaro layi-layi a tsakiyar gonaki don ya karya iska, gero kuwa ya ƙara albarka a bayan layukan.

Akwai wani amfani kuma. Danga mai shan iska tana bushewa da sauri bayan ruwa, saboda haka ba ta saurin ruɓewa. In sanda ɗaya ta karye, ita kaɗai za a cire a sa wata.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya

Aikin fari ba na dagi ba ne, na baki ne. Ka je ka sallama wa maƙwabcinka, ko Kirista ne ko Musulmi, ka ce masa kana so ka yi danga, ka roƙe shi ya zo ku duba iyaka tare. In akwai shakka, a kira mai unguwa ko wani dattijo da ya san yadda aka raba filin. A kafa turaku a gabansu. Kada ka ci ko taki ɗaya na wani, kada kuma ka matse hanyar da mutane suke bi zuwa rijiya. Littafin Kubawar Shari'a 19:14 ya ja mana kunne a kan gusar da iyakar maƙwabci. In gidan haya ne, a nemi yardar mai gida tukuna.

Sau da yawa wannan gaisuwa takan haifi alheri. Dangar da ke tsakanin gida biyu ta gida biyu ce. Wani maƙwabci zai ce ya ba da igiya, wani ya aiko samarinsa.

A duba hanyar ruwa kuma. In ruwan tsakar gida yana fita ta wani lungu, kada a kafa dirka a bakin wannan lungu, gama ruwa zai zaizaye gindinta.

Kayan aiki

Danga kashi uku ce: dirkoki da suke tsaye a ƙasa, tanka da take kwance tana haɗa su, da sandunan da ake jerawa a kan tanka.

Dirka ita ce ran danga, a nan ne bai kamata a yi rowa ba. Azarar giginya tana jure wa gara sosai. Ƙirya ma haka, amma ta yi ƙaranci ƙwarai, bai kyautu a sare wadda ta rage ba. Marke da aduwa suna da ƙarfi. Wanda ya fi sauƙin samu a garuruwanmu shi ne dogon yaro, wanda waɗansu suke kira bedi ko darbejiya. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, an fara dasa shi a Borno a 1928, yau kuwa ba unguwar da ba shi. In an rage masa rassa yakan sake toho, ya ba da sanduna miƙaƙƙu. Kaurin dirka kada ya kasa na damtsen babban mutum.

Don tanka, geza da sabara suna da kyau, haka kuma siraran rassan dogon yaro. Mai hali ya sayi katako mai inci 2 da 3 a wurin masu katako.

Don sandunan jeri, a yi amfani da abin da ke kusa: rassan dogon yaro masu kaurin babban yatsa ko fiye, ko gora da aka tsaga, ko gwangwala, ko katako. Duk itacen da aka saro ɗanye, a ɓare ɓawonsa, a jera shi a kwance a inuwa bisa duwatsu, ya yi 'yan makonni yana bushewa. Ɗanyen itace yakan kanƙance ya karkace, ɗaurin ya saki, ƙwari kuma a ƙarƙashin ɓawo suke ɓuya.

Sauran kaya su ne dagi, gatari, adda, zarto, guduma, doguwar igiya ta awo, da abin ɗauri: ƙusa, ko waya, ko igiyar kaba ko ta rama, ko ɓawon kalgo. Ɓawon kalgo a jiƙa shi tukuna ya yi laushi don kada ya karye.

Ɗan lissafi

Bari mu ɗauki danga mai tsawon ƙafa 30. Ana kafa dirka a kowace ƙafa 6. Ƙafa 30 a raba da 6, biyar ke nan, sai a ƙara ɗaya ta ƙarshe: dirka 6. Yara a makaranta sukan manta da wannan ɗayar, manya ma haka.

In danga ce ta sutura, wajen makewayi ko inda mata suke aiki, tsayinta ya kai ƙafa 6, faɗin sanda inci 3, rata inci 1. In ta lambu ce, ƙafa 4 da rabi zuwa 5 ta isa, sanda inci 2, rata inci 2. Ko wacce aka zaɓa, sanda da ratarta inci 4 ne, wato sanda 3 a kowace ƙafa. Ƙafa 30 za ta ci sanda 90.

Mai sayen katako ya lura: falle ɗaya mai faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12, in kafinta ya tsaga shi huɗu ya kuma yanke kowanne biyu, zai ba da sanda 8 masu tsawon ƙafa 6. Falle 12 zai ba da 96, ga 6 sun ragu don gyara.

Kada rata ta wuce yatsa uku. In ta fi haka, ɗan akuya zai cusa kansa ya maƙale, kaji kuma su wuce abinsu. In akwai 'yan tsaki, a kwantar da falle ɗaya ko guntuwar zana a gindin dangar.

Yadda za a kafa ta

1. A ja igiya daga turke zuwa turke, ta miƙe sosai. Don kusurwa ta daidaita, a auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya gefen. In tsakanin alamun biyu ya zama ƙafa 5 cif, kusurwar ta yi daidai. Magina sun daɗe suna aiki da wannan awo.

2. A haƙa ramuka. Dirkar da za ta fito ƙafa 6 a sama tana bukatar aƙalla ƙafa 2 a ƙasa. A jigawa, inda rairayi yake da laushi, a kai ƙafa 2 da rabi ko 3. In ƙasa ta yi tauri, a zuba ruwa da yamma, a haƙa da safe. Ramin kada ya yi faɗi ainun.

3. A shirya gindin dirka. A babbaka wurin da zai shiga ƙasa, har da ɗan abin da zai fito sama, sai bayansa ya yi baƙi, amma kada wuta ta ci cikinsa. Waɗansu suna shafa maganin gara na kanti irin su Solignum, waɗansu baƙin man mota. Baƙin mai dafi ne. Kada a kusantar da shi da rijiya ko fangalin lambu, kada kuma yara su taɓa shi.

4. A fara kafa dirkokin kusurwa da na ƙofa, su ne suka fi kauri. A zuba tsakuwa ko fasassun kasko a gindin rami don ruwa ya tsane. A ɗaura dutse a zare a saki kusa da dirka, a ga ko ta tsaya sak. A mai da ƙasa kaɗan-kaɗan, ana daddaɓewa da ƙotar dagi. Wanda ya tura ƙasa gaba ɗaya ya taka da ƙafa, dirkarsa za ta yi girgiɗi tun hadarin fari.

5. A ja igiya a kan dirkokin kusurwa, a kafa na tsakiya bisa ga igiyar, kawunansu su yi daidai.

6. A ɗaura tanka uku: ɗaya kamar ƙafa 1 daga ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya kamar ƙafa 1 daga sama. Gajeriyar danga biyu ta ishe ta. Mahaɗin tanka biyu ya faɗo a kan dirka, kada ya rataya a tsakani. Tanka ta kasance ta cikin gida, don kada ta zama wa akuya ko ɓarawo matakala.

7. A jera sanduna ta waje. A sami guntun katako mai kaurin ratar da ake so, a riƙa sa shi tsakanin sanda da sanda, don rata ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Bayan kowace sanda goma a sake gwadawa da zare da dutse. In ƙusa ce, biyu a kowane mahaɗi. A ɗan dakushe bakin ƙusa da guduma kafin a buga, ba za ta tsaga itace ba. In sanduna sirara ne, waya ko igiya ta fi.

8. Kada sanduna su taɓa ƙasa. A ɗaga su kamar inci 2. Ta haka gara ba ta da hanyar hawa sai ta dirka, inda ido zai gan ta. A fiƙe kawunansu ko a yanke su a karkace, don ruwa ya zurare.

Ƙyaure

Yawancin awaki ta ƙofa suke shiga. A yi ƙyaure da irin sandunan nan bisa tanka biyu, sa'an nan a gitta sanda ɗaya a karkace, daga kusurwar ƙasa ta wajen da ƙyauren yake rataye zuwa kusurwar sama ta wajen sakata. Ita ce take hana shi sunkuyawa. In ba ƙarfen rataya ƙyaure, a yanko tsohuwar tayar mota a kafe da ƙusa. A sa sakata inda hannun yaro ɗan shekara shida zai kai, gama ƙyauren da yaro bai iya rufewa ba, a buɗe yake kwana. Faɗin ƙofa ya isa jaki da kaya su wuce.

Ga waɗanda suke zaman haya ko zaman gudun hijira, akwai dabara. A harhaɗa dangar gunduwa-gunduwa a ƙasa, kowace gunduwa ƙafa 6, sa'an nan a ɗaga a ɗaure ta ga dirkoki da waya. Ranar da Allah ya kawo komawa gida, sai a kwance a ɗora a amalanke.

Gara da wuta

Gara ba ta hutu, saboda haka a ba yaro ɗaya aikin zaga danga kowace Asabar. In ya ga ƙasar gara tana hawa dirka, ya kankare ta, ya zuba toka a gindin. Kada a jingina kara ko itacen wuta ga danga, kada a tara shara a gindinta. Kafin damina ta faɗi, a bi ɗauri ɗaya-ɗaya a ƙara matsewa.

Wuta kuwa, da hunturu ne take yin ɓarna, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da kome ya bushe iska kuma tana kaɗawa. Murhu ya yi nisa da danga da taki da yawa. Tokar da za a zuba a gindin dirka a tabbata ta huce sarai. Kada danga ta haɗe da jinkar ɗaki ko rumbu, don in wuta ta kama ɗaya kada ta sami gadar hayewa.

Dangar da take da rai

Ko wace irin dangar itace tana da ranar mutuwa. Mai hankali tun ranar da ya kafa ta yake shuka magajiyarta. Aguwa sananniya ce a ƙasar Sakkwato, dabbobi ba su damu da ita ba. Ana yanko rassanta a ƙarshen bazara, a bar su su sha iska 'yan kwanaki, a kafa su kusa da juna kafin ruwa ya sauka. A kiyaye ƙullunta daga ido. Dashi ma in an kafa reshensa yakan kama, ya zama dirka mai rai wadda gara ba ta kayarwa. Bini-da-zugu yana yin shinge mai kyau, amma 'ya'yansa dafi ne, gidan da yake da ƙananan yara ya yi hattara. Zogale da lalle kuwa a shuka su ta ciki, inda sanduna za su tsare su. Cikin 'yan shekaru danga za ta riƙa ba da ganyen miya da na kwaɗo.

Ina za a riƙa samun sanduna ba tare da an ƙarasa dajin ba? Amsar tana nan ƙetaren iyaka. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya shawarci manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, kamar uku zuwa biyar, su datse sauran, su bar waɗannan su girma. Bayan yunwar 1984 dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, har aka kimanta ta mai da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Kalgo da sabara da geza da suke gonakinmu irin waɗancan ne. Manomin da ya bi wannan hanya, kowace shekara zai sari reshe ɗaya daga kowane kututture, ya bar wani ya maye gurbinsa. Wanda gonarsa ta yi nisa kuwa, dogon yaro biyu ko uku a ƙofar gida za su ba shi sandunan gyara. Itacen da yake bakin hanya ko filin hukuma, a nemi izini kafin a taɓa shi.

Aikin gida duka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida da samari su haƙa ramuka su kafa dirkoki. Uwargida ita ta fi sanin inda take son sutura da inda take son iska, a tambaye ta tun kafin a ja igiya. 'Yan makaranta su yi awo da ƙidaya, za su ga lissafin da muke koya musu a allo yana da amfani a tsakar gida. Ƙanana su riƙa miƙo sanduna da ruwan sha.

In kun gama taku, ku duba unguwa. Akwai gwauruwa ko tsoho ko baƙon da ya gudo daga ƙauye, wanda dangarsa ta faɗi tun bara ba mai tayar masa. Sandunan da suka ragu da yinin Asabar ɗaya na matasa sun isa su rufa masa asiri.

Lokacin aikin kuwa yanzu ne. A sari itace da sanyi, a bar shi ya bushe, a kafa danga kafin zafin Afrilu, a dasa aguwa kafin ruwan Yuni. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da ƙasarmu, amin.